Filin Lambu da Gona: Tsiron da Ba Ki San Sunansa Ba

Tun da ruwan sama ya zauna a ƙasar Sakkwato, yawancin wasiƙun da suke iso mana a wannan fili magana ɗaya suke yi, wato tsire-tsiren da suka fito wa mutane a inda ba su shuka su ba. Mun zaɓi uku daga ciki, kuma ta farkon ce za ta ɗauki mafi yawan filin, domin abin da aka tambaya a cikinta ya shafi lafiyar yara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. A ƙarshen rani muka tare a sabon gidanmu, kuma akwai ɗan fili a bayan ɗakuna wanda na yi niyyar mayarwa lambu. Maigida ya sa an kawo mana ƙasar fadama tifa ɗaya da takin awaki buhu huɗu daga kasuwar Kara, na shuka alayyahu da kuɓewa da sure. Da ruwa ya sauka sai wurin ya cika da tsire-tsire iri-iri, har na kasa bambance abin da na shuka da abin da ya fito da kansa. Akwai wani mai yawa da surukata ta ce tafasa ce, a tsinka a yi kwaɗo, amma maƙwabciyata ta ce rai ɗore ne. Akwai kuma wani mai faɗin ganye kusa da magudanar ruwa wanda ya yi kama da yalo. Maigida ya ce a sayo maganin feshi a kashe komai, a sake shuka. Ina da yara uku ƙanana da suke wasa a wurin. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu, unguwar Arkilla.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa kun shiga a sa'a. Shawarata ita ce, kada ki ci abin da ba ki tabbatar da sunansa ba, kada kuma a fesa wa lambun magani tun ba a san abin da ke cikinsa ba. Akwai tsire-tsire kaɗan da ya kamata a tuge su yau ɗin nan saboda yaran, zan zo kansu, amma sauran a ba su 'yan makonni su bayyana kansu.

Abin da kika gani ba wani abin mamaki ba ne, domin kin haɗa iri daga wurare uku a fili ɗaya. Ƙasar filin da aka gina gidan tana ɗauke da ƙwayoyin ciyayin da suka zuba a kanta shekara da shekaru suna jiran ruwa, ƙasar fadamar da aka kawo ta zo da nata, takin awakin kuma shi ne ya fi kowanne ɗauko baƙi. Akuya takan ci kwasfar gawo da ta bagaruwa da ciyayin bakin hanya, ƙwayar ta ratsa cikinta ta fito a cikin kashi ba tare da ta mutu ba, wasu ma sun fi saurin tsirowa bayan sun bi ta cikin dabba. Shi ya sa takin da aka tara aka jiƙa, aka bari ya ruɓe ya yi zafi, ya fi wanda aka kwaso busasshe daga garke tsabta.

Mu fara da saɓanin da ke tsakanin surukarki da maƙwabciyarki. Yana yiwuwa dukansu biyu suna da gaskiya, saboda tafasa da rai ɗore 'yan gida ɗaya ne, sukan tsiro wuri ɗaya, furensu duka rawaya ne, kuma suna ƙanana kamarsu tana da yawa. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ki tsinko sillen ganye guda ki shimfiɗa shi a tafin hannunki. Idan tafasa ce, za ki ga ƙananan ganyaye shida a jere biyu-biyu, kowanne siriri ne ta wajen gindi, yana faɗaɗa zuwa sama, bakinsa a zagaye ba tsini, kuma biyun ƙarshe sun fi sauran girma. Idan rai ɗore ne, ganyayen sukan kai takwas ko goma, kowanne yana da tsini a baki kamar kan mashi, karan kuma yakan yi ja-ja. Daga nan sai ki murza ganyen tsakanin yatsu ki shinshina. Tafasa tana da ɗan ƙaurinta na ɗanyen ganye, amma rai ɗore wari yake yi mai hawa kai, wanda yakan zauna a hannu har bayan an wanke. In sun yi 'ya'ya kuwa magana ta ƙare, domin kwasfar tafasa doguwa ce siririya mai lanƙwasa kamar lauje, ta rai ɗore kuma ta fi faɗi, a shafe take, tana kallon sama.

Ni kaina a hannun wata tsohuwa mai sayar da ganye na koyi wannan, shekaru da yawa da suka wuce. Na kai mata reshe biyu a cikin leda, ba ta tsaya dogon dubawa ba, ta murza na farko ta kai hanci ta ajiye shi a kan faifanta, ta murza na biyu ta jefar da shi gefe, ta goge yatsunta a zane ta ce, "Wanga sanga-sanga na, ɗana, ba a miya da shi." Sanga-sanga shi ne sunan da mutanenmu da yawa a nan suka fi sanin rai ɗore da shi. Gaskiya ne ana amfani da ganyensa a maganin gargajiya, amma wannan bai sa ya zama abinci ba. Ƙwayarsa tana da dafi ga dabbobi, kuma a arewacin Indiya likitoci sun danganta mutuwar ƙananan yara da cin ɗanyar ƙwayar. Saboda haka, idan kin tabbatar da shi, ki tuge shi kafin ya yi kwasfa. Tafasar kuma ki bar wa surukarki layi guda, ki roƙe ta ta zauna tare da ke ku tantance su da hannu, domin idon da ya daɗe yana tsinkar tafasa ba ya ɓata idan aka sa ganyen a gabansa.

Wanda ya fi damuna a wasiƙarki shi ne mai faɗin ganyen nan da ke kusa da magudanar ruwa. Yalo da gauta da tumatir da barkono dangi ɗaya ne da zaƙami, wanda wasu ke kira haukata yaro, kuma zaƙami yana son irin wannan wuri mai danshi da taki. Tun da ba ki shuka yalo ba, ki ɗauke shi a matsayin zaƙami har sai an tabbatar miki da akasin haka. Ganyen yalo yana da kaushi da ɗan gashi-gashi, na zaƙami kuwa ya fi santsi da duhun kore, karansa sau da yawa yana da shuɗi-shuɗi mai duhu, kuma idan aka murza shi yana da wari mara daɗi. Furensa dogo ne kamar bakin kakaki, fari ko mai ruwan shuni, ɗansa kuma dunƙulalle ne mai gajerun ƙayoyi, cike da ƙwayoyi. Kowane sashe na jikinsa dafi ne, ƙwayar ce ma ta fi. Yaron da ya ci shi bakinsa yakan bushe, jikinsa ya yi zafi, baƙin idonsa ya buɗe, ya riƙa sambatu yana kama abin da babu shi. Wannan ba a jira ya yi fure a gidan da ke da yara. Ki ɗauki hotonsa, ki sa leda a hannu ki tuge shi da saiwarsa.

Akwai wasu uku da nake sa su a sahu ɗaya da shi. Na farko shi ne zurma, mai ganye kamar buɗaɗɗen tafin hannu, wanda ƙwayarsa mai zane-zane take da kyau a idon yaro, alhali 'yan ƙwayoyi kaɗan idan aka tauna suna iya kisa. Na biyu bini da zugu, wanda ake shinge da shi, yara sukan fasa 'ya'yansa su ci kamar gyaɗa, su kama amai da gudawa mai tsanani. Ta uku tumfafiya, wadda kowa ya sani idan ta girma, amma tana ƙarama akan raina ta. Ganyenta mai kauri ne, toka-toka, kuma da an karya shi sai farin ruwa kamar nono ya ɓulɓulo. Idan ruwan nan ya shiga ido yana dusashe gani, don haka a wanke idon da ruwa mai tsabta mai yawa na kimanin minti 15, sannan a tafi asibiti. Haka kuma idan yaro ya ci wani tsiro da ba a sani ba, Allah ya kiyaye, kada a tsaya ɗura masa manja ko nono a gida, a garzaya da shi asibiti tare da reshen abin da ya ci, domin ganin tsiron yana taimaka wa likita ƙwarai.

Sauran tsire-tsiren da ba ki gane ba, ki bar biyu ko uku daga kowane iri a gefe guda, ki kafa ɗan kara kusa da kowanne don kada a nome shi, ki nome sauran domin kada su danne alayyahunki. Tsiro ba ya faɗin sunansa sosai sai ya yi fure da 'ya'ya, kuma yawancin ciyayin damina a nan ba sa wuce mako huɗu zuwa takwas kafin su yi, tun da daminar tamu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Kafin lokacin, ki riƙa lura da yadda ganye ya zauna a jikin kara, ko biyu suna fuskantar juna ko ɗaya bayan ɗaya, ki mirgina karan a yatsunki ki ji ko zagayayye ne ko yana da kusurwa, ki karya ki ga irin ruwan da zai fito, ki shinshina. Dangin daɗɗoya, alal misali, karansu kusurwa huɗu gare shi, ganyensu kuma yana da ƙamshi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗanɗanawa.

Ina da yaƙinin cewa a cikin abin da maigida yake so a kashe akwai cefane na kyauta. Ki duba gindin ganyen wani tsiro mai zarto-zarto a gefe, idan kin ga siraran gashi biyu sun zubo baya kamar jela, ɗaya ta kowane ɓangare, kuma ganyen ya yi yauƙi da kika murza shi da ɗan ruwa, to lalo ne. Gasaya kuma ganyenta ya rabu kamar yatsu, galibi biyar, karanta yana da danƙo, furenta fari ne mai dogayen zare. Zaki banza zai yi miki kama da alayyahun da kika shuka, sai dai ganyensa ya fi ƙanana. Yaɗiya ma tana iya fitowa ta kama katanga. Waɗannan su ne suka riƙe gidaje da yawa a ƙasar nan a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, don haka ba na jin daɗin ganin an ƙone su da magani don kawai ba a san su ba. Haka nan za ki ga 'yan itatuwa masu ƙaya sun fito daga takin. Idan gawo ne, kuma yana nesa da gini, yana da kyau a bar ɗaya, domin shi ne itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma yi inuwa da rani. Amma duk ɗan itacen da ya tsiro a gindin katanga ko kusa da ramin masai, musamman dogon yaro wanda tsuntsaye da jemagu ke yaɗa ƙwayarsa, ki cire shi tun saiwarsa ba ta yi nisa ba.

Game da wanda za ki tambaya, da ɗan gari akan ci gari. Tsofaffi mata masu sayar da ganye sun san abin da ake ci, makiyaya sun san abin da ke kashe dabba, masu noman fadama irin na Kwalkwalawa sun san ciyawar da ke hana lambu sakat. Ki kai musu tsiron gaba ɗaya da saiwarsa, ba ganye guda ba, ki kuma tambayi mutum biyu ko uku, saboda sunaye suna bambanta daga gari zuwa gari. Abin da muke kira sure, a Kano yakuwa ce, yauɗonmu kuma shi ne karkashinsu, sannan akan sami suna ɗaya a kan tsire-tsire biyu da ba su da alaƙa. Wannan matsala ta daɗe, har wani likita ɗan Birtaniya mai suna Dalziel da ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa ya buga su a 1916, kuma masu bincike suna komawa ga aikinsa har yau. Manhajojin waya irin su PlantNet da Google Lens suna taimakawa wajen nuna dangin tsiro idan hoton ya fito da fure da ganye sosai, amma sukan yi kuskure a kan tsire-tsiren ƙasarmu, don haka kada a dogara da su a kan abin da za a sa a tukunya. Idan abin ya gagari kowa, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da ma'ajiyar busassun tsire-tsire inda masana ke tantance su. Ki shimfiɗa reshe mai fure tsakanin takardun jarida, ki danne da abu mai nauyi, ki riƙa canza takardar har ya bushe, ki rubuta rana da wurin da kika tsinke shi da launin furen.

Maigida kuma ki isar masa da gaisuwata, ki ce ina ba shi haƙuri a kan feshin. Maganin da ke kashe komai ba ya bambance alayyahu da ciyawa, kuma ba ya taɓa ƙwayoyin da ke kwance a cikin ƙasa, saboda haka bayan ruwa biyu wasu sababbi za su fito. Wasu daga cikin magungunan nan, musamman mai sinadarin farakwat, dafi ne da ba shi da makari idan aka sha, kuma gidan da ke da yara uku ba wurin ajiye ragowar kwalbarsa ba ne. Fili kamar naku fartanya ta ishe shi. Idan za ki sake shuka, ki gyara kwamin ki ba shi ruwa, ki jira kwana goma zuwa mako biyu ciyawa ta tsiro, ki kankare ta sama-sama ba tare da kin juya ƙasar ba, sannan ki shuka a layi. Duk abin da ya fito a wajen layin kin san baƙo ne.

TAMBAYA: Malam, wata ciyawa mai siririn ganye mai sheƙi ta addabi kwamin albasata. Duk lokacin da na nome ta, kafin mako ta dawo fiye da da, kuma idan na tona nakan ga 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar aya. Ana cin su? Daga wani mai karatu, Wamakko.

AMSA: Malam, bisa ga bayaninka wannan aya-aya ce. Ka mirgina karanta a yatsunka, za ka ji kusurwa uku, wanda shi ne ya raba danginta da ciyayi irin su harƙiya da tuji. 'Yar uwar ayar da ake ci ce, amma ƙwayarta tana da ɗaci, kuma a jere take a jikin wata saiwa mai tauri kamar zare, ɗaya bayan ɗaya, kan furenta kuma ja ne mai duhu, na aya kuwa rawaya-rawaya. Dalilin da ya sa noma ke ƙara ta shi ne, idan fartanya ta tsinke zaren, ƙwayoyin da suke kwance sai kowacce ta farka ta yi nata tsiron. Abu biyu ne ba ta jurewa, bushewa da inuwa. Yanzu da damina ka riƙa tsinke ta da zarar ta leƙo, don kada ganyen ya samu damar ciyar da ƙwayar. Babban aikin kuwa sai bazara, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Ka daina ba wa kwamin ruwa, ka kafce shi da zurfi, ka tsince abin da ka iya, ka riƙa juya ƙasar duk bayan 'yan kwanaki domin rana ta gasa sauran. Bayan haka ka shuka abin da ke rufe ƙasa da sauri, kamar dankali ko wake mai yaɗo, kafin ka mayar da albasa, domin ganyen albasa ba ya yin inuwar da za ta danne ta.

TAMBAYA: Na shuka dawa da masara kaɗan a bayan gida, sai ga wani tsiro mai kyakkyawan fure ruwan hoda ya fito a gindinsu. 'Yata tana so a bar shi don ado, amma na lura dawar da ke kusa da shi ta tsumbure. Daga wani malamin makaranta mai ritaya, Kware.

AMSA: Ranka ya daɗe, ka ba wa 'yar taka haƙuri, wannan ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ba ya rayuwa da kansa, saiwarsa takan maƙale a saiwar dawa ko gero ko masara ta riƙa tsotse ruwa da abincinta, kuma yakan yi ɓarna mai yawa tun yana ƙarƙashin ƙasa kafin a gan shi, shi ya sa dawar taka ta tsumbure. Ƙwayarsa kamar ƙura take, tushe ɗaya yana zubar da dubban dubbai, kuma tana iya zama a cikin ƙasa fiye da shekara 10 tana jiran saiwar hatsi ta zo kusa da ita. Tun da ya riga ya yi fure, lokaci ya ƙure. Ka tuge shi gaba ɗaya a wannan makon, ka tara shi a buhu don kada ƙwayar ta zube a hanya, ka ƙone shi, kada ka jefa shi a juji ko ka ba wa dabbobi. Fitowarsa alama ce ta ƙasar da ta gaji, don haka ka zuba mata ruɓaɓɓen taki sosai, baɗi kuma ka huta da hatsi a wurin, ka shuka gyaɗa ko waken suya, waɗanda saiwarsu ke sa ƙwayar ƙuduji ta tsiro amma ta rasa abin kamawa ta mutu.